Yadda Ake Shirya Kejin Ɓerayen Gwaji Don Ƙarin Ruwa Na Talala

Ɗaliban digiri na biyu da na uku a fannin haɗa magunguna da likitancin dabbobi sun sha tambayata yadda ake shirya wurin zaman ɓeran da za a riƙa ɗura wa magani ta jijiya dare da rana, na kwanaki ko makonni, alhali yana yawonsa a cikin keji. Bahaushe ya riga ya san wannan dabara a wurin kiwo, domin ɗaurin talala ke nan: dabba tana ɗaure, amma tana ci tana sha tana kai-komo kamar ba a ɗaure take ba. Dukkan aikin da ke ƙasa manufarsa ita ce ɗaurin ya zama talala, kada ya koma turke, saboda ɓeran da ke fama da igiya yana cikin damuwa, kuma sakamakon da aka samu daga jikinsa na damuwar ne, ba na maganin ba. Inda na ce ɓera ina nufin babban, irin Wistar ko Sprague Dawley. Ƙaramin kuwa, irin CD-1 ko C57BL/6, zan kira shi kusu.

1. Izini da tsari a rubuce

Kafin a kashe ko kwabo, a rubuta tsarin gwajin a kai wa kwamitin da ke kula da amfani da dabbobi a jami'a ko cibiyar da ake aiki. Abubuwa uku ne ya kamata su fito fili a takardar: dalilin da ya sa za a ware kowace dabba ita kaɗai a keji, tsawon kwanakin da za ta yi a ɗaure, da kuma alamomin da in an gan su za a dakatar da gwajin a kanta. Yawancin kwamitoci suna ɗaukar raguwar kashi 20 cikin ɗari na nauyin jiki a matsayin iyaka, kuma yana da kyau a sa kashi 10 a matsayin matakin da za a kira likitan dabbobi.

Gargaɗi: a ƙara dabbobi kaɗan a kan adadin da lissafi ya bayar tun a wannan takarda. A kowane gwaji irin wannan wasu bututai kan toshe, kuma neman ƙarin izini a tsakiyar aiki yana cin makonni.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Hanyar ruwan tana da gaɓoɓi bakwai, kuma gara a haddace su a jere daga sama zuwa ƙasa. Na farko injin tura sirinji, sai sirinjin kansa, sai bututun da ya tashi daga sirinji, sai majuyi, wato ɗan ƙarfen da rabinsa na sama yake tsaye na ƙasa kuma yana juyawa tare da dabbar ba tare da ruwan ya yanke ba. Daga majuyi sai talalar, wadda siririn sifirin ce ta ƙarfe da bututu ya ratsa ta cikinta, sai maɓalli ko ɗamarar da ke bayan dabbar, sannan kateta, siririn bututun da aka dasa a cikin jijiya. Majuyin yana rataye ne a jikin wani hannu mai nauyi ko sifirin a ɗaya ƙarshensa, wanda aikinsa daidai yake da na jigon ban-ruwa a fadama, don haka jigo zan riƙa ce masa.

Girman kayan ya danganta da dabbar. Ɓera yana amfani da majuyi mai geji 22 (geji lambar girman bututun majuyi ce) da kateta mai lamba 3Fr (Fr ma'aunin kaurin kateta ne). Kusu kuwa majuyi mai geji 25 da kateta 1Fr ko 2Fr. Kamfanonin da aka fi sani da waɗannan kaya sun haɗa da Instech da SAI Infusion Technologies a Amurka, da Lomir a Kanada wajen riguna da ɗamaru, sai Harvard Apparatus da KD Scientific wajen injinan sirinji. BASi kuwa suna da wani tsari mai suna Raturn wanda ba ya amfani da majuyi sam, kejin ne da kansa yake juyawa ya warware murɗewar, amma tsadarsa ta sa ba shi ne na mai farawa ba.

Injin sirinji shi ne ke cinye mafi yawan kasafi, domin farashinsa yana kamawa daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai gwargwadon ingancinsa. Ana iya rage kuɗi da injin da ke tura sirinji da yawa a lokaci guda, sai dai duk sirinjin da ke kansa gudu ɗaya suke yi, don haka dole a daidaita kaurin maganin kowace dabba da nauyinta, kuma ranar da injin ya tsaya dukkan dabbobin da ke kansa sun tsaya. Majuyin baƙin ƙarfe mara tsatsa ya fi na roba tsada, amma ana wanke shi a sake amfani da shi shekara da shekaru. Na roba na gwaji ɗaya ne. Abin da masu farawa ke mantawa a kasafi shi ne kayan da ke ƙarewa kullum: sirinji, ruwan gishiri na asibiti, matata mai ƙofar maikuromita 0.22, safar hannu da hefarin, maganin hana jini daskarewa.

Gargaɗi: a sayi majuyi da talala da maɓalli daga kamfani ɗaya. Mahaɗan wannan kamfani ba lalle su shiga na wancan ba, kuma mahaɗar da aka cusa da ƙarfi ita ce ke yoyo da tsakar dare. A kuma sayi rarar kowane abu, domin wanda ke Kano ko Zariya ba zai samu majuyi a kasuwa ba idan nasa ya maƙale.

3. Ɗaki

Ƙa'idojin Amurka na kula da dabbobin gwaji, bugun 2011, sun sa zafin ɗakin ɓeraye tsakanin digiri 20 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos, laimar iska tsakanin kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari, sabunta iskar ɗaki sau 10 zuwa 15 a kowace awa. Haske kuma awa 12 a kunne, awa 12 a kashe, da agogon da ke kunnawa da kansa, ba hannun mai gadi ba. Ɓeran da yake shi kaɗai ba shi da ɗan'uwan da zai raɓa ya ji ɗumi, ga ruwa mai sanyin ɗaki yana shiga jininsa, saboda haka na fi son a tsaya wajen digiri 22 zuwa 24 maimakon ƙasa.

A arewacin Najeriya da Nijar waɗannan lambobi ba sa zuwa a banza. A watannin Maris da Afrilu zafin waje yana haura digiri 40, a lokacin hunturu kuma laimar iska tana faɗuwa ƙasa da kashi 30, abin da ke busar da fatar dabba da bakin rauni. Ana bukatar na'urar sanyaya ɗaki, da na'urar ƙara laima a hunturu, da ma'aunin da ke ajiye mafi girma da mafi ƙanƙantar zafin da aka samu cikin dare.

Gargaɗi: wutar lantarki ita ce babbar matsala. Idan inji ya tsaya, jini yana komawa cikin kateta ya daskare, kuma wasu injinan ba sa ci gaba da kansu bayan wuta ta dawo sai an danna musu. A ɗora dukkan injinan a kan inbata da batir ta yadda ba za su ji ɗaukewar wuta ba ko na daƙiƙa ɗaya, janareto kuma ya zama na sanyaya ɗaki, a ajiye shi nesa domin ƙararsa da girgizarsa. A gwada wannan da gangan: a kashe wuta daga babban makunni a ga abin da kowane inji zai yi.

4. Keji

Kejin kiwo na yau da kullum bai dace ba. Murfinsa na waya yana da lotsawar da ake zuba abinci, wadda talala ke sarƙewa a jikinta, kuma gajere ne. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 ta sa mafi ƙarancin faɗin keji murabba'in santimita 800 da tsayi santimita 18 ga ɓera, murabba'in santimita 330 da tsayi santimita 12 ga kusu, amma kejin talala yana bukatar tsayin da ya wuce haka sosai, wajen santimita 30 ko fiye ga ɓera, domin ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya ba tare da ya kai ga majuyi ko bututun da ke sama ba.

A nemi keji na roba mai haske wanda ake ganin dabbar ta kowane gefe, cikinsa sumul, ko mai siffar da'ira ko mai kusurwoyi marasa kaifi. Murfin ya kasance da doguwar tsaga daga baki zuwa tsakiya, yadda za a iya cire shi ba tare da an kwance talala ba. Idan za a sa maƙeri ko mai aikin roba ya gyara kejin da ake da shi, a goge bakin tsagar har ya yi santsi, domin kaifi kaɗan ya isa ya riƙe sifirin. Kwalbar ruwa tana waje, bakinta kawai ke shigowa ta gefe a ƙasa-ƙasa; abinci kuma a ƙaramin mazubi na gefe ko a kwano mai nauyi a ƙasa.

Wajen shimfiɗa, ɓarzajjen totuwar masara ko ɗiɗɗigar itacen asfen su aka saba amfani da su, an tankaɗe ƙura an kuma turara su. A guji dusar katako da aka kwaso daga wurin masu yankan katako, domin ba a san irin itacen ba, kuma itatuwa masu ƙamshi irin su fayin da sida suna tayar da sinadaran hanta masu narkar da magani, wanda hakan zai canza ainihin abin da ake aunawa. Shimfiɗar kada ta yi tudu, don a iya ganin jiƙewa idan bututu ya yi yoyo.

Ɓera dabba ce mai son jama'a, don haka a jera kejin kusa da juna yadda za su ga juna su ji warin juna. A sa guntun itacen gwaguya da gutsattsarin takarda na yin sheƙa, da maɓuya mai buɗaɗɗen sama.

Gargaɗi: kada a sa bututun wasa, ko ɗaki mai rufi, ko auduga mai dogon zare. Duk abin da dabba za ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan zai ɗaure talalar.

5. Kafa jigo da majuyi

A ɗaure jigon a jikin keji ko murfi da ƙarfi, yadda majuyin zai sauko daidai tsakiyar keji yana tsaye cak. Majuyin da ya karkace yana juyawa da ƙyar, kuma ɓeran ne zai biya da fatar bayansa. Talalar ɓera galibi kusan santimita 30 ce, amma ma'auni na gaskiya shi ne a riƙe ƙarshenta da hannu a kai shi kowace kusurwa a matakin bayan dabbar da ke kwance: ya kai ba tare da ja ba, sannan idan an dawo tsakiya an ɗaga shi, jigon ya janye rarar sama nan take. Idan rarar ta lanƙwasa ta sauko gaban fuskar dabba, za ta kama da hannu ta ciza.

Saitin nauyin jigo yana bukatar haƙuri, musamman ga kusu, wanda nauyinsa duka bai wuce giram 25 zuwa 30 ba. Jan ya isa ɗaga nauyin talala kawai. Idan ya yi yawa za a ga dabbar tana tafiya a ɗage kamar mai sanɗa, idan ya yi kaɗan talala za ta kwanta a gadon bayanta. Sai a murza ƙasan majuyin da yatsu biyu. Ya kamata ya juya ba gargada ko kaɗan.

Gargaɗi: bututun da ya tashi daga majuyi zuwa inji a bar masa rarar da za ta bar jigon ya yi sama da ƙasa, sannan a manne shi nesa da bakin keji. Haƙoran ɓeran da ke kejin maƙwabta ma abin tsoro ne.

6. Lissafin gudu da ruwan da ke kwance a bututu

Nan ne aka fi yin kuskuren da ba a gani da ido. Shawarar da masana harhaɗa magunguna na Turai suka fitar a 2001 ta sa gudun ƙarin ruwa na awa 24 a kan mililita 2.5 ga kowane kilo a awa ga ɓera, da mililita 4 ga kowane kilo a awa ga kusu. Ɓera mai giram 300 ke nan zai karɓi mililita 0.75 a awa, wato mililita 18 a yini, saboda haka sirinjin mililita 20 zai kai gobe da ƙyar, na 30 ya fi kwanciyar hankali. Kusu mai giram 25 kuwa mililita 0.1 ne kacal a awa.

Yanzu a duba bututu. Wanda ake kira PE-50 faɗin raminsa milimita 0.58 ne, kuma kowace mita ɗaya tana riƙe kimanin mililita 0.26. A gudun ɓeran nan, magani zai yi minti 21 kafin ya ratsa mita ɗaya. A gudun kusu kuwa zai yi fiye da awa biyu da rabi, wato mai bincike ya rubuta cewa ya fara ba da magani ƙarfe takwas, alhali har ƙarfe goma da rabi ruwan gishiri ne ke shiga. Da PE-10, mai ramin milimita 0.28, mitar tana riƙe kimanin mililita 0.06, jinkirin ya dawo wajen minti 37. Don haka a gajarta bututu iyakar iyawa, a auna abin da hanyar duka ke riƙewa tun daga sirinji har bakin kateta, a rubuta shi a jikin keji, kuma a cika hanyar da maganin har zuwa ƙarshen talala kafin a haɗa ta da dabba.

Sai kuma jituwar magani da roba. Wasu magungunan masu narkewa a mai suna maƙalewa a jikin bututun silikon ko na PVC, wasu masu narkar da magani kuma suna tatso sinadari daga PVC ɗin. Hanyar ganewa ita ce a tura maganin ta cikin hanyar duka a gudun da za a yi amfani da shi, a tara abin da ya fito a auna ƙarfinsa.

Gargaɗi: injin yana lissafa gudu ne da faɗin cikin sirinji. Sirinjin mililita 20 na wannan kamfani ba faɗinsa ɗaya da na wancan ba, don haka a shigar da faɗin daidai, kuma kada a canza kamfanin sirinji a tsakiyar gwaji. A kuma tabbata an kulle gindin sirinji a maƙallin injin, domin idan injin yana sama da dabbar sosai, nauyin ruwa kaɗai zai iya zuƙe maganin ya shiga gaba ɗaya.

7. Tsabtacewa da gwajin keji babu dabba

Duk abin da ruwa zai taɓa dole ya zama babu ƙwayar cuta, domin hanya ce kai tsaye zuwa jini. Majuyin ƙarfe da sifirin ana turara su a tukunyar matsi a digiri 121 na minti 15 zuwa 20. Katetar foliyuretan da kayan roba ba sa jure wannan zafi, gara a saye su a tsabtace a cikin ledarsu. Sifirit mai kashi 70 na goge bakin mahaɗa ne, ba ya maye gurbin turarawa.

Bayan an haɗa komai, a sa ƙarshen talala a cikin ƙaramar kwalbar da aka auna nauyinta, a bar injin ya tura ruwa na awa 24 cur, sannan a sake aunawa. Giram ɗaya na ruwa mililita ɗaya ne, saboda haka sikeli zai nuna ko injin yana faɗin gaskiya. A bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda a ga ko akwai danshi. Wannan yini ɗaya da ake ganin kamar ɓata lokaci ne, shi ne mafi arha a cikin gwajin duka. Bututun da aka yi gwajin da shi a zubar, a sa sabo.

8. Sabo da haɗa dabba

Dabbobin da aka kawo daga wani wuri a bar su su huta kwana biyar zuwa bakwai kafin tiyata. Dasa kateta, ko a jijiyar wuya ko ta cinya, aikin wanda aka horar ne, ƙarƙashin maganin sa barci irin aisofuloren da maganin kashe zafi irin bufurenofin ko meloksikam, ana fito da ƙarshenta ta tsakanin allunan kafaɗa inda baki ba ya kaiwa. Bayan tiyata a bar su su murmure har nauyinsu ya dawo kusa da na da, wanda yawanci kan ɗauki kwana biyar zuwa bakwai. Idan ɗamara za a yi amfani da ita, a saba musu da ita tun kafin tiyata. Maɓallin da ake dasawa a ƙarƙashin fata ya fi sauƙi ga dabbar, kuma wasu irinsa suna da murfin da ke ba da damar a bar dabbobi tare har ranar ɗauri.

A sa dabbar a kejin talala kwana biyu ko uku tana karɓar ruwan gishiri zalla kafin a fara magani. Dabbobin da ake kwatantawa da su, waɗanda ba za su sha magani ba, su ma a yi musu tiyata iri ɗaya, a ɗaure su iri ɗaya, kuma a cakuɗa wuraren kejin a kan kanta ta hanyar ƙuri'a, kada rukuni guda ya tare kusa da ƙofa ko ƙarƙashin fitila.

Gargaɗi: katetar da ke jira ana cika ta da ruwan hana daskarewa, wani lokaci mai hefarin har yunit 500 a mililita. A zuƙo shi waje har jini ya leƙo kafin a haɗa, kada a tura shi cikin dabba. Idan kateta ta ƙi, kada a danna sirinji da ƙarfi, domin gudan jinin da aka ɓalle huhu zai nufa. Haka kuma a duba bututu a haske a tabbata babu kumfar iska.

9. Duba na kullum

Sau biyu a yini, safe da yamma, har da Asabar da Lahadi da ranakun salla, mutum ɗaya ya bi hanyar da ido daga inji zuwa dabba. Ya karanta abin da ya rage a sirinji ya kwatanta da abin da lissafi ya ce, domin a gudu kaɗan ƙararrawar toshewa tana jinkirin kaɗawa, wani lokaci sai bayan sa'o'i. Ya duba ko jini ya hauro bututu, ko talala ta murɗe, ko shimfiɗa ta jiƙe a inda ba wurin fitsari ba. Sannan ya kalli dabbar: tashin gashi, zama a ƙudundune, jan ruwa a gefen ido da hanci, kumburi ko ruwa a bakin rauni, raguwar ci.

Dubawar safe ta fi muhimmanci, saboda ɓera da dare yake harkarsa, kuma yawancin ɓarna cikin duhu take faruwa. Ɗamara kuma a taɓa ta kullum: matashin ɓera yana ƙara nauyi cikin sauri, ɗamarar da ta yi daidai ranar Litinin tana iya yanka hammata kafin mako ya zagayo. Ana auna nauyi aƙalla sau biyu a mako a sabunta gudun injin da shi, ana cire nauyin maɓalli ko ɗamara daga abin da sikeli ya nuna.

Wajen canza sirinji, a matse bututu da maƙalli mara haƙori, a goge mahaɗa, a canza da safar hannu, a tura injin har ɗigo ya fito a bakin sabon sirinji kafin a haɗa. Wajen canza keji kuwa, gara a ɗauki dabba da talala da jigo gaba ɗaya zuwa sabon keji maimakon a kwance hanya, domin kowace kwancewa ƙofa ce ga ƙwayar cuta. A ɗebi ɗan abin sheƙar tsohon keji a sa a sabon don ta ji warinta.

10. Rufe gwaji

A ranar ƙarshe a rubuta lokacin da aka tsayar da kowane inji da abin da ya rage a sirinji. Lokacin binciken gawa, kafin a zare kateta, a duba inda bakinta yake a cikin jijiya, a tura ɗan ruwa mai launi a ga ko yana fita ta inda ya kamata. Dabbar da katetarta ta zame ta zuba magani ƙarƙashin fata ba za a lissafa ta da sauran ba. Majuyin ƙarfe a wanke cikinsa nan take da tataccen ruwa mai yawa, a hura masa iska da sirinji har ya bushe kafin a turara shi, domin gishirin da ya bushe a ciki yana cin abin da ke hana shi yoyo, kuma a gwaji na gaba zai maƙale ko ya yi yoyo.